Kowa Ya Ga Zabuwa Da Zanenta Ya Gan Ta

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan jingine zancen taki da iri da bashin ƙungiya, mu kawo muku labarin wani mutumin ƙasar Ingila wanda ya ƙare kwanakinsa yana kallon agwagi da dinyoyin daji, yana zana kamanninsu da fenti. Mun san wani zai ce, to, ina ruwan mai fartanya da wannan? A yi haƙuri a ji labarin tukuna. Gama mun lura a yawon da muke yi cikin ƙauyuka, yawancinmu tun muna yara muke zaune da tsuntsaye, amma in aka ce mu faɗi launin ƙafar shamuwa, ko yadda bakin cilakowa yake, sai mu yi ta sosa ƙeya. Abin da mutum bai duba da kyau ba kuwa, da wuya ya san ko abokinsa ne ko magabcinsa ne.

MAHARBIN DA YA AJIYE BINDIGA

Sunan mutumin Peter Scott. An haife shi a birnin Landan a shekara ta 1909. Ubansa, Kyaftin Robert Scott, hafsan sojan ruwa ne, shi ne ya ja ayari zuwa can ƙuryar duniya ta kudu, inda ƙanƙara ba ta narkewa. Suka isa a watan Janairu na 1912, suka tarar mutanen ƙasar Norwe sun riga su. A kan hanyar komowa sanyi da yunwa suka kashe shi duk da abokan tafiyarsa 4. Sa'an nan yaron yana ɗan shekara 2. Cikin wasiƙa ta ƙarshe da uban ya rubuta wa matarsa, yana kwance cikin tanti yana jiran mutuwa, ya roƙe ta ta yi ƙoƙari ta sa yaron ya so sanin halittu. Uwar kuwa gwanar sassaƙa ce, saboda haka yaro ya tashi a gidan da ake aikin hannu.

Da ya girma ya shiga jami'ar Kambrij, sai farautar dinya ta shiga ransa. Yakan kwana cikin laka a bakin teku, cikin sanyin da mu nan ba mu san irinsa ba, yana jiran asuba, lokacin da garken dinyoyi kan tashi su nufi gonaki. In ya koma ɗaki sai ya ɗauki buroshi ya zana abin da ya gani, watau layin tsuntsaye a sararin sama, da hasken alfijir a kan ruwa. A 1933 ya baje zanensa a Landan, mutane suka saya. Daga nan ya ƙaura zuwa wata tsohuwar hasumiyar fitila a bakin teku, yana zane yana kiwon agwagin daji, har yaƙin duniya na biyu ya tashi ya shiga sojan ruwa kamar ubansa.

Bayan yaƙi, a watan Disamba na 1945, ya je wani ƙauye da ake kira Slimbridge a bakin kogin Severn. Yana duban wani babban garke da madubin hangen nesa, sai ya tsinkayi wata dinya dabam da sauran. Ba ta kai su girma ba, kuma akwai ɗan zobe ruwan ɗorawa kewaye da idonta. Irin nan ba safai akan gan shi a Ingila ba. Mutum ɗari za su dubi garken nan su ce duk ɗaya ne, amma wanda ya shekara da shekaru yana zana kan dinya ya san inda zai sa ido. A 1946 ya kafa ƙungiyar kiyaye tsuntsayen ruwa a wannan wuri, har yau kuwa tana nan tana aiki.

Bai bar harbi nan da nan ba. Shi da kansa ya ba da labari cewa wata rana aka harbi wata dinya, ta faɗi da rauni can cikin laka inda ba mai iya kaiwa. Washegari aka duba, ga ta nan da ranta, ba tashi, ba mutuwa. Abin ya tsaya masa a rai. A farkon shekarun 1950 ya ajiye bindiga. Ba mun kawo wannan domin mu ce farauta zunubi ce ba, gama mun san gidaje da yawa inda fakara da zabon daji su ne naman miya. Abin da muke so a lura shi ne, haƙurin da ya koya wajen farauta, da sanin iska, da iya zama shiru, su ne suka mai da shi gwanin zane. Maharban ƙauyukanmu ma suna da wannan jari.

BAKI DA BAKI

Aikinsa da ya fi ba mu mamaki ya soma ne a 1964. Akwai wata babbar tsuntsuwa fara fat, dangin dinya, mai dogon wuya, Turawa suna ce da ita suwan. Wani iri daga cikinsu yakan yi ƙwai can arewacin Rasha, in sanyi ya yi tsanani ya taso ya yi tafiyar wajen kilomita 3,500 zuwa yammacin Turai. Waɗansu suka soma sauka a tafkin da ke gaban tagar ɗakin da Peter Scott yake zane. Da ya zauna zai zana su, sai ya ga bakin kowace yana da baƙi da ruwan ɗorawa, amma yadda launin biyu suka haɗu a bakin wannan dabam yake da na waccan. A wata baƙin ya hau har goshi, a wata ɗorawar ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, a wata kuma ɗan ɗigo ne kawai. Ba biyu da suka zama ɗaya, kamar dai zanen yatsa da ake dangwalawa a takardar bashi.

Sai shi da iyalinsa suka shiga zana bakin kowace tsuntsuwa da ta sauka, ta gaba, ta dama, ta hagu, suna raɗa mata suna, suna rubuta ranar zuwanta da ranar tashinta, da wanda ta zo tare da shi. 'Yarsa, tun tana yarinya, ta zama gwana a wannan aiki. Wanda ya taɓa zama da Fulani ba zai yi mamaki ƙwarai ba. Mu muna ganin fararen shanu ne kawai, amma makiyayi ya san kowace saniya da sunanta, da uwarta, da halinta. Bambancin dai shi ne, Peter Scott ya sa nasa sanin a takarda, yadda wani zai iya ɗauka ya ci gaba bayan ransa.

Haka kuwa aka yi. Ya rasu a 1989, amma ba a daina aikin ba, har an rubuta tsuntsaye fiye da 10,000 ɗaya ɗaya. Daga littattafan nan aka tabbatar cewa tsuntsayen da suka zo bara su ne sukan komo bana, cewa namiji da tamata sukan zauna tare har mutuwa ta raba, ba safai sukan rabu ba, cewa 'ya'ya sukan bi iyayensu a tafiya ta fari su koyi hanya, kuma waɗansu sukan wuce shekara 20 a duniya. Sa'ad da yawansu a yammacin Turai ya ragu daga wajen 29,000 a 1995 zuwa wajen 18,000 a 2010, ba a tsaya ana gardama ko sun ragu ko ba su ragu ba, gama akwai lissafi. Aka shiga neman dalili: harbi a kan hanya, da harsashin dalma da sukan haɗiya cikin laka, da wayoyin lantarki da sukan yi karo da su. Dukan wannan sani ya fito ne daga mutum ɗaya da ya so ya zana baki daidai yadda yake.

Sauran ayyukansa za mu taƙaita. Akwai wata dinya ta tsibiran Hawayi da ake kira nene, wadda a wajen 1952 ba ta fi 30 da suka rage ba. A 1950 aka aiko masa da biyu domin ya kiwata su hayayyafa. Ana nan ana jira, sai duka biyun suka yi ƙwai, ashe duk mata ne! Sai a 1951 aka aiko da namiji. Daga 1962 aka soma mai da jikokinsu gida, yanzu kuwa sun haura 3,000. A 1961 yana cikin waɗanda suka kafa asusun kiyaye namun daji na duniya, WWF, shi ne kuma ya gyara zanen dabbar nan panda ta ƙasar Sin ya zama tambarinsu. Ɗaya daga cikin dalilan zaɓenta ma zai ba ma'ajin kowace ƙungiya dariya: dabbar baƙi da fari ce, ba sai an biya kuɗin buga launi ba. Shi ne kuma ya kawo shawarar Jan Littafi, inda ake rubuta halittun da ke bakin ƙarewa.

INA MUKA SHIGO CIKI?

Da fari dai, tsuntsayen ba su san iyakar ƙasa ba. Akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa, namijin yana da farin layi bisa ido, wadda takan yi ƙwai a Turai da Rasha, ta ƙetare hamada, ta ci rani a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Cadi, tare da kirinjijiya tamu ta gida. Saboda irin waɗannan baƙi ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filibus, ya ziyarci Dagona a 1989, yana shugaban WWF. Fadamun nan kuwa sun ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ta saba shimfiɗuwa kowace shekara ta ja baya, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Mai shinkafa ya ji a jikinsa, masunci ya ji, makiyayi ya ji, agwagwa ma ta ji. Ruwa ɗaya suke sha.

Na biyu, Jan Littafin nan ya iso ƙofar gidanmu. A 2015 aka sa ungulu, wadda dā ba a rasa ta a mahauta da bakin kasuwa, cikin jerin waɗanda suke daf da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe, da masu sayen kanta da ƙwanta domin tsafi, su suka kai ta haka. Ku tambayi yaranku ko sun taɓa ganin gauraka da idonsu. Dattawa sun san kukanta a fadama, amma yau a ƙasarmu sai an yi dace.

Na uku shi ne wanda ya shafi rumbu kai tsaye. Duk wanda ya zauna zai zana tsuntsu, tilas ya dubi bakinsa, bakin kuwa shi yake faɗin abincinsa. Gajeren baki mai kauri na fasa ƙwaya ne, irin na jan-baki, wanda ya sha cinye mana gero da dawa da shinkafa. Siririn baki mai tsini na kama ƙwari ne. Baki mai lanƙwasa kamar ƙugiya na cin nama ne. Yaron da ya san wannan ba zai ɗauki danƙo ya harbi tsattsewa ba, wadda yini take tana kama ƙwari a sama, ba ta taɓa zangarniya ko ɗaya ba. Amma yanzu, da aka tura yaro tsaron gona, duk mai fiffike abokin gaba ne. Ko feshin magani da akan yi wa jan-baki daga jirgin sama ba ya zaɓe, yakan kashe har da shaho da sauran masu cin gawar.

Ku ɗauki balbela. Da yawa suna cewa kaska take bi a jikin shanu. A zauna a dube ta rabin sa'a, za a ga yawancin abin da take tsinta fara ce da sauran ƙwari waɗanda ƙafar saniya ke tayarwa daga ciyawa. Carki shi ne mai cin kaska. Wanda ya zana balbela da rani ya sāke zana ta da damina zai ga abin da bai taɓa lura ba, watau lokacin sheƙa gashin kanta da ƙirjinta da bayanta yakan yi ja-ja. Shamuwa kuma, baƙa ce mai farin ciki, gwiwarta da yatsunta ja, fuskarta shuɗiya lokacin ƙwai. Takan zo mana gab da faɗuwar ruwa, ta ci fara da tsutsa a gonaki, in damina ta wuce ta nufi kudancin Afirka. Annabi Irmiya, a sura 8, ya yi misali da 'yar'uwarta ta ƙasar Kan'ana, wadda ta san lokacin zuwanta, domin ya kunyata mutanen da ba su san nasu ba.

Sai mujiya, baiwar Allah, wadda ba a bari ta kwana a gari. Mun sha ganin an jefe ta an ƙone ta, wai mayya ce. Ɗan'uwa, je ka ƙarƙashin inda take kwana, za ka ga 'yan dunƙule-dunƙule da ta amayar. Fasa ɗaya da tsinke. Gashi ne da ƙasusuwan ɓera. Miji da mata masu 'ya'ya sukan kashe ɓeraye fiye da 1,000 a shekara, ba ka sayi guba ba, kazarka ba ta ci ta mutu ba. A ganinmu, mai bi da ke tsoron mujiya yana bukatar abu biyu: addu'a, da fensir. Da wuya mutum ya zauna ya zana farar fuskar nan da manyan idanun, ya ga yadda gashinta yake da laushi domin kada ɓera ya ji motsinta, sa'an nan ya tashi yana cewa aljana ce.

GARDAMA BIYU

Mun ji waɗansu suna cewa zane aikin Turawa ne, na waɗanda suka ƙoshi. Ba haka ba ne. A Birnin Kudu akwai duwatsu da mutanen dā suka zana shanu a jikinsu, shanu marasa tozo, haka kuma a Geji kusa da Bauci. A Dabus, arewa da Agadas cikin Jamhuriyar Nijar, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a kan dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonsa ya fi mita 5, an fitar da dabbare-dabbaren jikinsa ɗaya ɗaya. Yau ba raƙumin dawa a wannan hamada, dutsen ne kaɗai shaidar cewa dā akwai ciyawa da itatuwa a wurin. Ragowar irinsa na Afirka ta Yamma suna wajen Kure, kusa da Yamai. A 1996 saura 49 kacal. Masu lura da su suka bi dabara irin ta Peter Scott, suna gane kowanne da zanen jikinsa, manoman wurin kuma suka haƙura da ɓarnar wake da yakan yi, har yawansu ya haura 600.

Gardama ta biyu daga dattawan ikkilisiya take fitowa, kuma ba mu raina ta ba. Sukan ce, ashe, ba an hana yin siffar abin da ke sama da ƙasa ba? A karanta Fitowa sura 20 har ƙarshen maganar, za a ga abin da aka hana shi ne a yi siffa domin a yi mata sujada. Cikin Haikalin da Sulemanu ya gina akwai siffofin bijimai 12 da na zakoki, kamar yadda 1 Sarakuna sura 7 ta nuna, Sulemanu ɗin nan kuma an yabi hikimarsa domin ya san zancen itatuwa da dabbobi da tsuntsaye da kifaye. Aikin fari da aka ba Adamu game da dabbobi shi ne raɗa musu suna, ba a kuwa raɗa wa abu suna sai an dube shi. Dattawanmu sun fito daga cikin tsafi, sun san zafinsa, shi ya sa suke tsoro. Sai mu bi su a hankali, mu nuna musu littafin yaro su gani da idonsu ba gunki a ciki.

YADDA ZA A SOMA

Ba sai an je kanti ba. Gawayi ya isa, da bayan takardar buhun siminti, ko ragowar shafi a tsohon littafin makaranta. Mai son launi ya nemi jar ƙasa da farar ƙasa, da shuni, da gangamau domin ruwan ɗorawa, ya niƙa su lilis, ya dama da ruwan ƙaro kaɗan domin su kama takarda. Asawaki da aka tauna bakinsa ya yi laushi buroshi ne, gashin kaza kuma ya isa jan siririn layi. A kwalejin horon malamai haka aka koya mana, ba mu kuwa ga ya kasa ba.

A fara da zabuwa ta tsakar gida, gama ba ta tashi ta bar ka. Zana jikinta kamar ƙwai, ka ɗora wuya da kai, sa'an nan ka tsaya ka duba: ina ƙafa ta fito, yatsu nawa ne gaba, nawa ne baya, ɗigon nan nata a jere suke ko a warwatse? Na fari ba zai yi kyau ba, yara za su yi dariya su ce tukunya ce mai ƙafa. Kada a yage shi. A ajiye, a gwada da na goma. In hannu ya faɗa, sai a fita bakin rafi da sassafe, a zauna a inuwa, rana tana bayanka, kada a sa farar riga. Kada a kashe tsuntsu domin a zana shi, kada kuma a taɓa sheƙa. Ko Maimaitawar Shari'a sura 22 ta hana a kama uwa tare da 'ya'yanta.

Abu ɗaya da muke roƙo kada a manta: a gefen kowane zane a rubuta kwanan wata, da wurin, da abin da aka ga tsuntsun yana ci. Wanda bai iya rubutu ba, ɗan makaranta ya rubuta masa, ko a kai wa malamin ajin yaƙi da jahilci. Muna ba kowace ƙungiya shawara magatakarda ya keɓe shafi ɗaya a bayan littafin taro, ya riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar ruwan fari, da ranar shuka, da ranar da jan-baki ya sauka. Bayan shekara 5 ko 6 ƙungiya za ta sami lissafin ƙauyenta, wanda ba wani ofis da zai iya ba ta. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata su ma su sa hannu, gama matan da ke zanen ƙwarya da ado a bangon ɗaki hannunsu ya riga ya faɗa.

Wanda ya yi zanen da yake so 'yan'uwa su gani, ya ba malamin gona na yankinsa ranar taron wata, da sunan tsuntsun cikin Hausa da kuma cikin harshen ƙauyensu, gama muna so mu tattara sunayen kafin dattawan da suka san su su wuce. Injin da muke buga wannan takarda da shi baƙi kaɗai yake fitarwa, saboda haka a bi layin da baƙar tawada, kada a naɗe takardar, a sa ta tsakanin kwali biyu.